Sojan Da Ya Dawo Da Karen Da Ke Gadin Barcinsa

A cikin dabbobin da Allah ya hore wa ɗan Adam babu wadda Bahaushe ya raina kamar kare. Doki yana da kirari, raƙumi yana da kwarjini, jaki ma duk da dukan da yake sha akan tausaya masa, amma in mutum ya tashi ci wa ɗan'uwansa mutunci, sai ya kira shi ɗan kare. Saboda haka na san da yawa daga cikin masu karatun wannan mujalla za su yi murmushi in na gaya musu cewa a Amurka, ƙasar da ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan magani, majalisa ta zauna ta yi doka musamman a kan karnuka da tsoffin sojoji, Shugaba Joe Biden kuma ya sa mata hannu ranar 25 ga Agusta 2021. Wani zai ce ai wannan ƙoshi ne, Bature ya rasa abin da zai yi da kuɗinsa. Ni kuwa ina ganin al'amarin ya wuce dariya, kuma ina roƙon mai karatu ya ajiye ƙyamarsa gefe guda na ɗan lokaci, ya bari mu duba abin da idon basira, sa'an nan ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Da farko dai sai mu san cutar da ake neman maganinta. Soja yakan dawo daga fagen fama da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, iyali su yi murna, a ce Allah ya kiyaye. Bayan 'yan watanni sai matarsa ta lura ba mutumin da ta sani ba ne ya dawo. Ba ya barci, in kuwa barci ya sace shi sai ya zabura da ihu, gumi ya jiƙa shi sharkaf. In tayar mota ta fashe ko iska ta buga ƙyaure, sai ka gan shi ya kwanta ruf da ciki. Ba ya zama sai ya jingina bayansa da bango yana fuskantar ƙofa. Kasuwa ta gagare shi, taron biki ya gagare shi, abu kaɗan ya fusata shi, ga shi kuma zuciyarsa ta dushe har ɗansa na cikinsa ba ya jin daɗin ɗaukarsa. Likitoci sun bayyana cewa a tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da ake kira amigdala, wanda aikinsa kamar na maigadi ne, watau ya busa usur in ya hangi hatsari. A fagen yaƙi wannan maigadi shi ke ceton rai. Matsalar ita ce a wurin wasu mutane, bayan an gama yaƙi an koma gida, maigadin ya ƙi ajiye usur ɗinsa, yana ta busa dare da rana a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wannan shi ne abin da zan kira ciwon firgici a cikin wannan rubutu.

Cutar tsohuwa ce, amincewa da ita ce sabuwa. A 1915 wani likitan sojan Ingila mai suna Charles Myers ya yi rubutu a kanta a mujallar likitoci ta Lancet, ya danganta ta da girgizar harsashin igwa. Duk da haka manyan hafsoshi na wancan zamani ragwanci suka ɗauke ta. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an bindige sojoji 306 na Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta bisa laifin tsoro ko gudu daga fagen fama da makamantansu, ba a yafe musu ba sai a 2006, bayan an fahimci cewa akwai marasa lafiya a cikinsu. Sai a 1980, bayan sojojin da suka dawo daga Biyetnam sun matsa lamba, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da cutar cikin kundinta ta ba ta suna. Ma'aikatar Kula da Tsoffin Sojoji ta Amurka ta daɗe tana ƙiyasta cewa a cikin kowane soja 100 da ya yi yaƙin Iraƙi ko Afganistan, tsakanin 11 da 20 suna fama da ita a kowace shekara. Amma lissafin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda wani bincike na Jami'ar Brown ya fitar a 2021: sojojin Amurka 7,057 ne suka mutu a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan harin 11 ga Satumba 2001, alhali kuwa an ƙiyasta 30,177 daga cikin sojoji da tsoffin sojojin wannan zamani sun kashe kansu da hannunsu. Ba duka ne ciwon firgici ya kai su ga haka ba, akwai talauci da rabuwar aure da raunin ƙwaƙwalwa da shaye-shaye. Amma ko yaya aka juya lissafin, gida ya ci mutane fiye da ninki huɗu na waɗanda abokan gaba suka ci. Ƙasar da ta ga irin wannan ba za a zarge ta ba in ta nemi taimako ko da a wurin kare ne.

Shi ma kare ba baƙo ba ne a hidimar waɗanda yaƙi ya nakasa. Makarantar farko ta horar da karnuka su zama 'yan jagoran makafi an buɗe ta ne a garin Oldenburg na Jamus a 1916, domin sojojin da suka rasa idanunsu a yaƙi. Daga can dabarar ta ƙetara Amurka, inda aka kafa makarantar The Seeing Eye a 1929. A 1975 wata mata mai suna Bonnie Bergin ta fara horar da karnuka a Kalifoniya don guragu da sauran naƙasassu, su ɗauko abin da ya faɗi, su buɗe ƙofa, su ja keke. Abin da aka ƙara a wannan ƙarni shi ne tunanin cewa in kare zai iya yi wa makaho jagora a titi, me zai hana ya yi wa wanda tsoro ya makantar jagora a cikin jama'a?

To, me karen yake yi? Nan ne ya kamata mu tsaya mu duba da kyau, domin yawancin masu dariya suna zaton shafa kan kare kawai ake yi a ji sanyi. Karen hidima ma'aikaci ne, akan ɗauki shekara ɗaya da rabi ko biyu ana horar da shi in tun yana ɗan kwikwiyo aka fara, kuɗin horon kuwa yakan haura dala dubu 20. Ana koya masa ya lura da alamun da jikin ubangidansa ke nunawa kafin firgici ya taso, kamar karkaɗa ƙafa, ko murza hannu, ko numfashi sama-sama. Da ya ga haka sai ya zungure shi da hanci ko ya ɗora masa ƙafa, watau ya katse masa tunanin ya dawo da shi inda yake. In abin ya yi tsanani sai ya hau cinyarsa ko ƙirjinsa ya kwanta, nauyin jikinsa da ɗuminsa su taimaka numfashi ya daidaita. Da dare in mutumin ya fara fizge-fizge cikin mugun mafarki, kare ya tashe shi, wani ma har ya danna makunnin fitila. In za su shiga gida cikin duhu, kare ya riga shi shiga ya zagaya ɗakuna ya dawo, alamar babu kowa. A cikin kanti ko layin banki, in aka ba shi umarni sai ya gitta a gaban ubangidansa don kada mutane su matse shi, ko ya tsaya a bayansa yana kallon inda shi ba ya gani. Wanda ya san soja ya san ma'anar wannan na ƙarshe. A fagen fama kowa yana da abokin da ke tsare masa baya, kuma babban abin da tsohon soja ya rasa ranar da ya tuɓe kaki shi ne wannan aboki.

Akwai kuma aikin da ba a koya wa karen ba, wanda a ganina bai gaza na horo ba. Kare yana jin yunwa da safe, yana bukatar a fita da shi, ba ruwansa da cewa ubangidansa ba ya son ganin rana. Mutumin da ya yi wata shida bai leƙa waje ba, dole ya tashi ya sa takalmi. A hanya maƙwabci zai tsaya ya tambayi sunan karen, hira ta ƙullu a kan abin da ba yaƙi ba. Kare ba ya tambayarka mutum nawa ka kashe, ba ya cewa ka yi haƙuri ka manta, ba ya gajiya da kai kamar yadda mace mai haƙuri ma takan gaji. A 2015 wasu masana a Jami'ar Azabu ta Japan suka nuna cewa in mutum da karensa suka kalli juna ido da ido, wani sinadari mai suna oksitosin yakan ƙaru a jikinsu duka biyu, shi ne kuwa sinadarin da ke ƙulla shaƙuwa tsakanin uwa da jariri.

Dokar ƙasar ma ta tsaya wa karen. A ƙarƙashin dokar kare hakkin naƙasassu ta 1990, da ƙa'idojin da aka sabunta a 2010, karen hidima yana da izinin shiga kanti da gidan abinci da asibiti tare da mai shi, kuma tambaya biyu kaɗai aka yarda mai wuri ya yi: shin karen na larura ne, kuma wane aiki aka horar da shi ya yi. Dokar ta bambanta shi da dabbar ɗebe kewa, wadda ba ta da wani horo sai dai zamanta yana kwantar da hankali. Bambancin ya zama dole, domin mutane ba su da dama. Da aka ga dabbar ɗebe kewa tana shiga jirgin sama kyauta, sai kowa ya nemo takarda, har a 2018 wata mata ta zo filin jirgin Newark da ɗawisu ta ce shi ne mai ɗebe mata kewa. Daga farkon 2021 hukuma ta janye wannan gata, ta bar wa karnukan hidima kaɗai. Waɗanda suka fi cutuwa da irin wannan wasa su ne masu larurar gaskiya, don su ake yi wa kallon 'yan damfara.

Sai mu zo ga tambayar da ta kamata ɗalibi ya yi: ina hujja? Labarin wanda ya ce kare ya cece shi yana da daɗin ji, amma mai tallan maganin gargajiya a tasha ma yana da irin waɗannan shaidu. Majalisar Amurka ta umarci Ma'aikatar Tsoffin Sojoji ta bincika. An fara a garin Tamfa a 2011, aka dakatar bayan wasu karnuka sun ciji yara, wasu kuma an same su da rashin lafiya, abin da ya nuna cewa ba kowane mai cewa ya iya horo ne ya iya ba. Aka sake ɗaura ɗamara a 2014 a garuruwa uku, aka yi ƙuri'a, wasu tsoffin sojoji suka sami karen hidima, wasu suka sami karen ɗebe kewa, aka bi su wata 18. Sakamakon da ya fito a 2021 bai faranta wa kowane ɓangare rai gaba ɗaya ba. Masu karen hidima alamun cutarsu sun fi raguwa, an kuma ga alamar tunanin kashe kai ya fi sauƙi a wurinsu, amma a ma'aunin ingancin rayuwa da iya gudanar da harkokin yau da kullum ba a ga wani bambanci tsakanin ƙungiyoyin biyu ba. A wani gefen kuma, Farfesa Marguerite O'Haire da abokan aikinta sun yi shekaru suna bin sojojin da ke karɓar karnuka daga ƙungiyar K9s For Warriors, wadda aka kafa a Falorida a 2011, wadda kuma yawancin karnukanta daga gidajen ajiye karnukan da aka yasar take ɗebo su. A binciken da suka buga a 2024 sun kwatanta mutum 81 da suka sami kare da mutum 75 da ke jiran layi. Bayan wata uku masu kare suka fi samun sauƙin firgici da fargaba da baƙin ciki, kaɗaici ma ya ragu.

Wannan hujja ce, amma tana da iyaka, kuma masu binciken da kansu ba su ɓoye ba. A wannan na 2024 ba ƙuri'a aka yi ba, wata uku kuma gajeren lokaci ne ga cutar da ke bin mutum shekara talatin. Sa'an nan in ana gwada ƙwayar magani akan ba wasu ta gaskiya wasu kuma ta gari ba tare da sun sani ba, to wa zai iya ba mutum karen gari? Duk wanda ya sami kare ya san ya samu, ya kuma sa rai zai ji sauƙi, sa rai kuwa shi kansa yana rage ciwo. Bugu da ƙari, binciken farko da O'Haire ta buga a 2018 ya nuna cewa duk da sauƙin da aka samu, in aka ɗauki matsakaicin makin masu kare, har yanzu suna cikin sahun masu cutar. Abin da za a iya faɗa da gaba gaɗi shi ne kare yana rage nauyin kayan. Duk wanda ya ce yana sauke shi gaba ɗaya, to talla yake yi.

Sukar da ta fi ƙarfi daga likitocin ƙwaƙwalwa ta fito, kuma ba ta cancanci a share ta ba. Maganin da aka fi tabbatar da amfaninsa a kan wannan cuta shi ne a sa mara lafiya ya tunkari abin da yake gudu sannu a hankali. Dabarar da Edna Foa ta tsara ke nan: ya ba da labarin ranar da abin ya faru, ya sake, ya kuma sakewa, ya shiga kasuwar da yake tsoro ya tsaya har zuciyarsa ta gane babu bam a ciki. Likitocin suka ce, to in ka ba shi kare ya tsare masa baya, ya leƙa masa ɗakuna, ai ka gaya wa maigadin nan na ƙwaƙwalwa cewa gaskiyarsa ne, lalle akwai hatsari. Ranar da babu kare kuma sai tsoro ya dawo sabo fil. A ganinsu tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri, sai dai a nan karen aka saya.

Na yarda da rabin wannan magana. Umarnin leƙa ɗaki da na tsare baya suna iya zama gatan da zai hana warkewa, kuma ya kamata likita da mai horo su zauna su tsara yadda za a riƙa rage su. Amma sauran rabin ban yarda da shi ba. Wanda ya karye a ƙafa ana ba shi sanda, ba a kuma taɓa jin likitan ƙashi ya hana sanda don kada majiyyaci ya saba da ita ba. Maganin tunkarar tsoro yana da ɗaci ƙwarai, sananne ne kuma cewa tsoffin sojoji da yawa sukan fara su watsar, wasu ma ba sa zuwa ko sau ɗaya, domin fitowa daga gida zuwa asibiti ita kanta tana cikin abin da cutar ta hana su. Maganin da ya fi kowane kyau ba ya amfanar wanda bai iso ƙofar asibiti ba. In kare ne zai kawo shi ƙofar, ya kwanta a ƙarƙashin kujerarsa yayin da yake ba da labarin da bai taɓa gaya wa kowa ba, to kare da likita ba kishiyoyi ba ne. Da aka tambayi sojojin da kansu a wani bincike na 2020, aikin da suka sa a gaba wajen muhimmanci shi ne kwantar musu da hankali in fargaba ta taso, gadi bai zo na ɗaya ba.

Abin da nake tsoro dabam ne. Hoton tsohon soja rungume da kare yana da kyau a jarida, ɗan siyasa yana son a ɗauke shi kusa da shi, kuma yana da sauƙi jama'a su kalli hoton su ji an biya bashi. Labarin Kyaftin Luis Montalvan ya isa gargaɗi. Ya je Iraƙi sau biyu, ya dawo da ciwon firgici, ya sami kare mai suna Tuesday, ya rubuta littafi a kansa a 2011 wanda ya yi kasuwa matuƙa. Haɗuwarsa da Sanata Al Franken ce ta zaburar da sanatan ya kawo ƙudurin 2009 wanda ya haifar da binciken gwamnati da na ambata. Babu wanda ya yi wa wannan harka talla kamarsa. A Disamba 2016 aka tsinci gawarsa a wani otal a El Paso, yana da shekara 43, bincike kuma ya nuna shi ya kashe kansa. Wannan bai ƙaryata shekarun da karen ya ba shi ba. Ya dai nuna cewa dabba ba za ta ɗauke wa ƙasa nauyin likita da fansho da aikin yi da dangi ba.

Shi ma karen yana da hakki. Aikin lura da mutum dare da rana aiki ne mai gajiyarwa, ubangidan da fushi ke kwasa kuma yana iya huce haushinsa a kan na kusa da shi. Rayuwar kare gajera ce, shekara takwas ko tara na aiki ya tsufa, sojan da ya riga ya binne abokai zai sake binne wani. Amurka ma ba ta da bakin yin alfahari a nan: cikin karnuka kimanin 4,000 da suka yi mata aikin soja a Biyetnam, waɗanda suka koma gida ba su wuce 200 da 'yan kai ba, an lissafa sauran cikin kayan aiki. Sai a 2000 aka yi dokar da ta ba da damar a karɓi karen soja da ya yi ritaya a riƙe shi a gida.

Mai karatu zai ce, duk mun ji, amma ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne mu ma muna da 'yan mazan jiya, kuma ƙwaƙwalwar baƙar fata ba ta ƙarfe ba ce. Kakanninmu sun yi yaƙin Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Iyayenmu sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Yayyenmu sun je Laberiya da Saliyo a shekarun 1990. Tun 2009 kuwa tsararrakinmu, waɗanda wasunsu muka zauna benci ɗaya da su a firamare, suke ta gwabzawa a Barno da Yobe da tafkin Cadi, ga kuma dazuzzukan Zamfara. In ɗayansu ya dawo yana zabura cikin dare, sunayen da muke da su ba su wuce uku ba: iska ta taɓa shi, ko ya fara shaye-shaye, ko dama can soja ba shi da hankali. Dokar da ta riƙe sha'anin lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ta 1958 ce, mai kiran majiyyaci mahaukaci, ba a maye gurbinta ba sai a Janairu 2023. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, amma likitocin wannan fanni a duk faɗin ƙasa 'yan ɗaruruwa ne ga mutane sama da miliyan 200.

Shin ina cewa a raba wa sojojinmu karnuka? Ba da gaggawa ba. Da yawa za su zaci addini ne shingen, alhali ba shi ne babba ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, an kuma halatta riƙe shi don farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai kuwa sun daɗe suna ƙiyasta wasu larurori a kan waɗannan. A 2008 ma wani masallaci a garin Lesta na Ingila, bayan an nemi fatawa, ya keɓe wurin da karen wani saurayi makaho zai jira shi har ya idar da salla. Hukuncin larurar soja na malamai ne, kuma akwai ƙofar tambaya. Shingayen gaske na duniya ne. Wane direban tasi ne zai ɗauki mutum da kare? Wa zai bar shi ya ratsa kasuwar Kurmi da shi, yara ba su bi shi da jifa ba? Karen da aka ce zai rage wa soja kaɗaici, a unguwanninmu yana iya ƙara masa, maƙwabta su daina shiga gidansa. Ga ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, don haka tsoron da jama'a ke yi wa kare ba jahilci ne zalla ba. Ga kuma ciyarwa, a gidan da fansho ba ya kai ƙarshen wata.

Duk da haka ban ga dalilin rufe ƙofar ba. Soja da 'yan sanda da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi duk suna da karnukan da aka horar don shinshinar bam ko ƙwaya, watau akwai masu horo a ƙasa. Akwai tsangayoyin likitan dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Bom. Rundunarmu ta ƙunshi mutane daga kowane sashe na ƙasa, da yawansu da kare suka tashi a gida. Gwaji ƙarami a bariki ɗaya, ga wanda ya so, a ƙarƙashin kulawar likita, a rubuta sakamako a buga ko ya yi daɗi ko bai yi ba, wannan ba abin kunya ba ne, kuma aiki ne da ɗaliban likitanci da na likitan dabbobi na wannan jami'a za su iya sa hannu a ciki.

Amma abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne mu dubi aikin da karen yake yi, mu tambayi kanmu wa ke yin sa a nan. Wani ya zauna kusa, ya lura da alamu, ya tashe shi daga mafarki, ya raka shi kasuwa, kada ya yi masa gori. A nan matar soja ce ke yin wannan aiki, ko uwarsa, ko ƙanensa, ba horo, ba albashi, ba wanda ya taɓa gaya musu sunan abin da suke fama da shi, wani lokaci ma su ne ke shan dukan. Bature ya kashe shekara biyu yana koya wa kare alamun firgici, mu ba mu kashe yini biyu mun koya wa matar ba. Kuma dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda masu ciwon ƙwaƙwalwa suke sauka a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne tare da ɗan'uwansa guda, su zo magani da rana su koma cikin jama'a da yamma. Duniya ta zo ta koyi wannan daga gare mu.

Yawancinmu da ke karanta wannan mujalla nan da 'yan shekaru muna bayan tebur a ma'aikatu, wasu ma sun riga sun zauna. Fayil ɗin fanshon wani kofur zai zo gabanmu, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaga murya fiye da kima, idonsa ja don bai yi barci ba, masinja yana jiran mu ce a fitar da shi. Wasunmu ne za su rubuta takardar da ake cikewa in za a sallami soja, wadda ke tambayar idonsa da kunnensa da ƙafarsa. Ina neman a ƙara mata layi uku: awa nawa yake barci, yaushe rabonsa da shiga taro, da sunan wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi, domin a kira wannan mutum a koya masa abin da zai yi. Kowace ranar 15 ga Janairu akan yi fareti a Abuja, a ajiye furanni, a saki fararen tattabaru don tunawa da waɗanda suka mutu. Kuɗin fareti ɗaya zai buga wannan takarda ya kuma biya malaman jinyar da za su zagaya barikoki da ita.